Bindiga ce ta kashe Janar Farnsworth a Gettysburg ko duwatsun wurin?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ake yawan maimaitawa a nan duk sanda aka taɓo yaƙin dawaki, wai tunda bindiga mai cin dogon zango ta fito shi kenan doki ya tashi daga aiki. Ni ban yarda da ita ba, kuma hujjata rana ɗaya ce, 3 ga Yuli 1863, rana ta uku ta yaƙin Gettysburg a jihar Pennsylvania lokacin yaƙin basasar Amurka. A gabas da garin kamar mil 3, Janar Stuart na 'yan awaren Kudu ya zo da mahayansa yana neman ya ɓullo ta bayan sojan tarayya, Janar Gregg ya tare shi tare da birged ɗin Michigan da Custer ke jagoranta. Wurin gonaki ne a shimfiɗe, wajen gonar Rummel, aka zabura aka haɗu gaba da gaba da takubba, kuma aka tsayar da Stuart. A kudu da garin kuma, wajen ƙarfe 5 na yamma bayan harin Pickett, wato babban farmakin da sojan ƙasa na 'yan Kudu suka kai tsakiyar layin tarayya, ya watse, Janar Kilpatrick na sojan dokin tarayya ya umarci Janar Farnsworth da ke ƙarƙashinsa ya kai hari a sukwane ta gindin tsaunin Big Round Top, wurin da ba komai sai manyan duwatsu da itatuwa da katangun dutse na manoma da ƙorama. Farnsworth ya nuna bai yarda ba, aka matsa masa, ya tafi, bai dawo ba, an tsinci gawarsa da raunin harsashi guda 5. Rana ɗaya, makamai na zamani ɗaya, tazarar 'yan mil. Me ya bambanta su in ba ƙasar da kofato ya taka ba?

Sadiq Abba: Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa amma akwai abin da ka tsallake kuma shi ne kan maganar. A gabas doki ne ya haɗu da doki, a kudu kuwa doki ne ya je ya sami sojan ƙasa, 'yan Texas da 'yan Alabama na Janar Law na ɓangaren Kudu, mutanen da suka kwana biyu suna yaƙi a wurin, kowa da doguwar bindigarsa Enfield ko Springfield da ke kashe mutum daga mita 300. To ai ko a filin ƙwallo ka ajiye su sakamakon ɗaya ne, kaga kenan bindigar ce ba dutsen ba

Malam Habu: Sadiq tambayarka ta yi kyau kuma ita nake jira. Mu tsaya a gabas ɗin ma tukunna. Sukuwar farko da Custer ya ja, da runduna ta 7 ta Michigan, me ya tsayar da ita? Ba igwa ba ce, shinge ne. Sun taho a guje suka tarar da shinge a gabansu, na gaba suka ci burki na baya suka hau kansu, aka koma harbin juna da libarba ta saman shinge har 'yan Kudu suka ƙaro mutane suka mayar da su baya. Sukuwa ta biyu da runduna ta 1 ta Michigan, a buɗaɗɗen wuri aka yi ta, waɗanda suka gani da ido sun ba da labarin dawaki na wuntsilawa suna danne mahayansu saboda ƙarfin karon, nan aka sari Janar Wade Hampton na 'yan Kudu a ka, kuma da yake fili ne Kyaftin Miller na Pennsylvania ya sami hanyar da ya shigo musu ta kwiɓi ya raba layinsu. Birged ɗaya, janar ɗaya, sa'a guda ba ta cika tsakani ba. Sannan maganar sojan ƙasa, duba Winchester ranar 19 ga Satumba 1864, mahayan Janar Sheridan na tarayya ƙarƙashin Merritt da Averell suka zubo dubbai a fili suka karya ɓangaren hagu na Janar Early na 'yan Kudu, can ma akwai sojan ƙasa da bindigogi irin waɗannan da kake faɗa.

Baba Mai Doki: Salamu alaikum. Yara ku ba ni wuri in sa baki, ni ban san waɗannan Turawa ba amma doki na san shi tun ina riƙe wa mahaifina linzami. Abin da mutanen da ba su hawa ba su gane ba shi ne doki ba ya gudu da ƙafa kaɗai, da ido yake gudu, yana zaɓar inda zai sa kofato tun kafin ya isa. In ka shigar da shi cikin duwatsu kansa zai yi ƙasa yana dube dube, ko ka huda masa ciki da ƙaimi ba zai ba ka gudun da kake so ba, in ko ya ba ka to ƙafar gaba za ta shige tsakanin dutse biyu ta karye ku tafi ƙasa tare. Kan fa kuma santsi yake yi masa. Ku lura da hawan sallah, inda aka zo kan kwalta mahayin kirki sassautawa yake, sai an sauka kan rairayi ake sakin linzami. Na biyu, ƙarfin barade a haɗe yake, gwiwa na gogar gwiwa, ƙasa na girgiza, abin da ke sa wanda ke tsaye a ƙasa hantarsa ta kaɗa ya jefar da makami kenan. Da zarar itace ya raba ku, wannan ya bi dama wannan ya bi hagu, kun zama ɗaiɗai, kuma mahayi shi kaɗai a cikin daji abin tausayi ne, yana sama kowa na ganinsa shi ba ya ganin kowa.

Sadiq Abba: Allah ya ƙara girma Baba. Na ji wannan. Amma ko da gudun ya samu harsashi ai ya fi doki sauri

Malam Habu: Ya fi shi sauri amma ɗura shi ba ya sauri Sadiq. Bindigar lokacin ta baki ake ɗura ta, a ciji takardar albarushi a zuba a tura harsashi da sanda a sa hula, gwani shi ke harbi 3 a minti. Doki a sukwane a fili mai kyau zai cinye mita 300 cikin abin da bai kai minti ba, wato harbi ɗaya ko biyu za a yi maka kafin takobinka ya isa. Yanzu ka sa shi cikin irin wurin da Baba ya kwatanta, yana tafiya yana tsayawa yana kewaye dutse, mita 300 ɗin nan ta koma minti uku ko huɗu, kowane ɗan Texas ya samu ya ɗura sau takwas sau tara yana kwance bayan katanga. Ƙasar ce ke ba bindiga lokaci. Kuma ka san 'yan Texas ɗin har itacen shinge suka ɗora a kan katangar dutsen don ta ƙara tsawo, rundunar West Virginia da ta fara kai musu hari a nan aka gwabza da ita ana sara ana harbi, ƙarshe aka mayar da ita baya.

Sajan Mai Ritaya: Malam Habu ina bin ka tun daga farko kuma a kan ƙasa ban ja da kai ba, duk wanda ya sa kaki ya san kafin ka ga abokin gaba ƙasa kake fara karantawa. Inda zan ja shi ne yadda ake ɗora komai a kan Kilpatrick kamar mahaukaci ne kawai. Ku tuna halin da ake ciki a wannan sa'ar. Janar Lee, babban kwamandan 'yan Kudu a fagen, ya tura mutum kusan 12,500 tsakiyar layin tarayya an karkashe su, rabi ba su dawo lafiya ba, tsakiyarsa a buɗe take. Kilpatrick na zaune a ƙarshen hannun daman Lee kuma an ba shi oda ya matsa musu ta nan. Kwamandan doki da ya ga haka ya naɗe hannu shi ma sai an tuhume shi. Tunaninsa in ya girgiza Law ta baya sojan ƙasa da ke kan Round Top za su gangaro su ƙarasa aikin. Ba su gangaro ba. Janar Meade, babban kwamandan tarayya a fagen, bai ba da odar kai farmaki ba. To laifin na mutum ɗaya ne?

Maman Ilham: Sannunku da hira, tun ɗazu nake karantawa. Yallaɓai Sajan ni abin da ke damuna shi ne a wannan fagen dai, kwana biyu kacal kafin nan, an ga yadda mai hankali ke aiki da doki. Janar Buford na sojan dokin tarayya ya iso Gettysburg ranar 30 ga Yuni da birged biyu, mutum bai kai 3,000 ba, ya dubi tuddan da ke yamma da gari ɗaya bayan ɗaya, Herr da McPherson da Seminary, ya dubi tudun maƙabarta da ke kudu ya gane wanda ya riƙe shi shi ke da yaƙin. Washegari da mutanen Janar Heth na 'yan Kudu suka taho bai ce a zare takobi ba, sauke mutanensa ya yi daga kan dawaki, cikin kowane huɗu ɗaya ya koma baya riƙe da dawaki huɗu, ukun suka kwanta bayan shinge suna harbi suna ja da baya a hankali har Janar Reynolds ya iso da sojan ƙasa. Doki ya kawo su da wuri, ƙasa ta yi musu sauran. Kilpatrick bai ga wannan ba ne? Shi ma ai yana iya sauke su

Sadiq Abba: Anti ai Buford bindiga mai harbi bakwai ce ta taimake shi, Spencer, kinga mun dawo kan maganata

Maman Ilham: A'a ƙanena, wannan ana yawan faɗa amma mutanen Buford gajerun bindigogi masu cin harsashi ɗaya ta baya ne a hannunsu, irin su Sharps da Burnside. Sun fi na baki saurin ɗuri kuma kana iya ɗurawa a kwance, wannan gaskiya ne. Spencer tana hannun wasu daga cikin 'yan Michigan na Custer ne, su ma a ƙasa suka yi aiki da ita a gonar Rummel

Sajan Mai Ritaya: Hajiya aikin Buford tsaro ne, ya sayi lokaci, wannan a ƙasa ake yinsa. Aikin Kilpatrick kutsawa ne. Kuma an gwada saukar ai, Merritt ta hanyar Emmitsburg a ƙasa mutanensa suka yi faɗa da 'yan Georgia a wannan yammacin, ba su wuce ba.

Malam Habu: To Yallaɓai in a ƙasa ba a wuce ba, a inda ya fi sauƙi ma, ta yaya za a wuce a kan doki a inda ya fi muni? Nan ne nake ganin ba a yi wa yaran nan adalci ba. Farnsworth ba matsoraci ba ne kuma ba a zaune ya ƙi ba, ya duba wurin da idonsa ya ce ba wurin doki ba ne. Waɗanda ke kusa sun ruwaito cewa Kilpatrick ya taɓa masa mutunci, ya nuna in tsoro yake ji shi zai ja su da kansa. Saurayi ɗan shekara 25, kwana huɗu kacal da aka ɗaga shi daga kyaftin zuwa janar rana ɗaya da Custer da Merritt, a gaban yaransa a gaya masa haka, me kake so ya yi. Ya hau tare da bataliyar Manjo Wells ta runduna ta 1 ta Vermont, suka keta layin farko suka shiga bayan 'yan Kudu wajen gonar Slyder, daga nan fa sai zagaye, ko ina suka juya katanga ko dutse ko bindiga, 'yan Alabama suka juyo suka fuskance su, aka harbe dokinsa wani soja ya ba shi nasa ya ci gaba har ya faɗa hannun runduna ta 15 ta Alabama. Cikin mutum kimanin 300 da suka shiga an rasa sittin da wani abu, kuma ko taku ɗaya layin Law bai matsa ba. Wlh duk sanda na karanta wurin nan raina ɓaci yake, ba banza sojojinsa suka yi wa Kilpatrick laƙabi da mai kashe mahaya ba.

Abba na Maryland: Salam. Ni nan kusa nake zaune kuma na taka wurin da ƙafata, bari in faɗi abin da na gani. Duwatsun nan ba irin wanda za ka ɗauka ka jefar ba ne, baƙaƙe ne manya wasu sun kai ƙugu wasu sun fi mutum tsawo, a warwatse cikin itatuwa, tsakaninsu ramuka da ganye ya rufe, ni da takalmin kambas sai da nake dafawa da hannu a gangaren. Katangun kuma gajeru ne, dutse kan dutse ba siminti, amma mutum in ya durƙusa a baya kansa kawai za ka gani. Akwai gunkin Manjo Wells a wurin a kan wani dutse. Sai dai don adalci ga Yallaɓai Sajan, masu kula da wurin suna bayanin cewa dajin yanzu ya fi na 1863 duhu, lokacin dabbobin manoma na kiwo a ciki suna cinye ƙananan tsiro, shi ya sa ma hukumar ta yi ta sare itatuwa a wasu sassa don a maido da kamannin da. To itace ya ƙaru, amma dutse dai ba tsirowa yake ba, yana nan tun lokacin

Ɗan Damagaram: Ina gaida manya. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne wannan ilimin ai kakanninmu sun riga sun san shi sarai. Me ya sa ake barin sarƙaƙiya ta yi kauri kewaye da gari, a haƙa gwalalo a gindin ganuwa? Don doki ne. Me ya sa ba a fita yaƙi sai kaka ta wuce ƙasa ta bushe? Don doki da lifidi in ya shiga fadama da damina ya zama kaya. Kano da duk yawan baradenta ta sha wuya da Ningawa shekara da shekaru saboda suna kai hari su koma cikin duwatsu inda ɗan lifida ba ya iya binsu. A Tabkin Kwatto a 1804 Yunfa ne ke da dawaki da sulke, jama'ar Shehu dawakinsu kaɗan ne, 'yan baka ne suka tsaya suka ci yaƙin. Kuma Ilori da ta gangara kudu ta doshi kurmi, a Osogbo mutanen Ibadan suka faɗa mata da dare lokacin da doki ba shi da amfani

Sadiq Abba: To ai Kwatto hujjata ce Yaya, makami mai cin nesa ya ci doki, baka ce a can bindiga a nan

Baba Mai Doki: Sadiq ɗan baka in ya tsaya a fili fetal ba abin da ya jingina da shi barde zai tattake shi, wannan kowa ya sani, shi ya sa yake neman ruwa ko ƙaya ko tudu ya sa a gefensa. Kai kana kallon abin da ke hannun mutum, ni ina kallon inda ya sa ƙafarsa.

Malam Habu: Bari in ƙara maka ɗaya Sadiq daga wannan ranar dai ta 3 ga Yuli, a Fairfield kudu maso yamma da Gettysburg. Runduna ta 6 ta sojan dokin tarayya, mutum wajen 400, ta ci karo da birged ɗin Janar Jones. 'Yan Virginia na runduna ta 7 suka fara sukuwa ta cikin hanya mai shinge dama da hagu, ba damar bazuwa, gaban layin mutum kaɗan ne, aka harbe su suka koma. Da aka sake zuwa da ƙarin mutane aka samu aka bazu cikin gonaki ta gefe, sai ga shi an tarwatsa 'yan tarayyar, fiye da rabinsu aka kashe ko aka raunata ko aka kama. Bindigogin da suka kore su da farko su ne dai a hannun mutanen a karo na biyu.

Sajan Mai Ritaya: Duk na yarda da wannan. Abin da ban yarda ba har yanzu shi ne a ce Farnsworth ya ƙi bin oda, kamar yadda na ga maganar Hajiya na nufa. Soja ya faɗi ra'ayinsa, ya faɗa, an ce ya tafi, ya tafi. In kowane janar zai zaɓi odar da zai bi babu runduna. Wanda ya kamata a tambaya shi ne Pleasonton da ke saman Kilpatrick, da ya ba yaro ɗan shekara 27 dibishan guda kwanaki kaɗan kafin yaƙin ya kuma bar shi can ƙarshen layi ba mai duba shi

Maman Ilham: Ban ce ya ƙi ba Yallaɓai, na ce wanda ya ba da odar ya sauko daga kan dokinsa ya taka wurin tukunna. Uwayen yaran Vermont ɗin nan fa wasiƙa kawai aka aika musu. Ga dawakin ma, sama da 3,000 aka tara aka ƙona bayan yaƙin gaba ɗaya, har warin ya sa mutanen gari rashin lafiya

Malam Habu: Kuma da a ce ya ɗauki darasi da sai in sassauta masa Yallaɓai. Ranar 14 ga Yuli, kwana 11 bayan nan, a Falling Waters lokacin da Lee ke tsallake kogin Potomac, aka tura kamfani biyu kacal na runduna ta 6 ta Michigan su hau tudu a sukwane su faɗa wa mutanen Heth da ke bayan tudun ƙasa da aka tara. Sun shammace su har aka yi wa Janar Pettigrew raunin da ya kashe shi, amma Manjo Weber da ya ja su ya mutu a wurin, kaɗan ne suka fito. Dibishan ɗin Kilpatrick ne wannan ma.

Abba na Maryland: Baba tambaya gare ka don in na koma in auna da idona. Katangar dutse da ta kai ƙugun mutum, doki ɗauke da soja da sirdi da bindiga da takobi zai iya tsallake ta?

Baba Mai Doki: In ya huta, ƙasar gabanta a daidai take, ya samu wajen taku goma yana ganinta kafin ya iso, kuma an saba masa da tsalle, zai tsallake. In hawa yake yi ko ya yini ana sukuwa da shi a zafin rana ba zai yi ba, zai zo har gindinta ya turje ya watsar da kai ta saman kansa. Ka duba min can gefen da zai dira ma Abba, ko ƙasa ce ko dutse, don wajen dira ƙafa ta fi karyewa.